Gyaran Kusinen Tsohuwar Taraktarmu a Wani Gareji a Garwa: Abin da Na Gani da Abin da Na Biya

Taraktar da muke noma da ita a gonarmu ta bayan Pitowa, kusa da Garwa a arewacin Kamaru, ƙirar Massey Ferguson 135 ce, wadda mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya saya a hannun wani tun ina yaro. An fara ƙera wannan samfuri a 1964, aka ci gaba har cikin shekarun 1970, saboda haka ko da tamu tana cikin na ƙarshe da suka fito daga masana'anta, shekarunta sun doshi 50 ko sun haura. Injinta Perkins ne mai silinda uku, mai shan gas, mai girman lita 2.5, irin wanda duk bakaniken da ya daɗe a sana'ar ya san cikinsa kamar yunwar cikinsa. A watan Afirilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, tana jan tirela cike da takin shanu zuwa gona, sai direbanmu ya lura cewa allurar agogon da ke nuna ƙarfin baƙin mai tana faɗuwa ƙasa da zarar inji ya yi zafi, kuma wata ƙara mai nauyi tana tashi daga ƙasan inji duk lokacin da ta ɗauki hawa, kamar ana daka a turmi daga nesa.

Kafin in kai ta ko'ina na sha shawarwari har na ƙoshi. Wani maƙwabcina ya ce in zuba mata baƙin mai mai kauri in ci gaba da aiki, domin tsohuwar tarakta ba ta rabuwa da ƙorafi. Ƙanena ya ce in sayar da ita tun tana tashi da kanta, mu koma haya kamar sauran mutane. Wani bakanike na bakin titi kuma, ko murfin inji bai buɗe ba, ya ce kusine ne kawai, in ba shi kwana biyu zai sauya. Wani dattijo da ya yi shekaru yana tuƙa manyan motocin ɗaukar auduga shi ne ya kwatanta mini garejin da nake magana a kansa, ta wajen unguwar Jambutu, ya ce mai wurin yana da jinkiri amma ba ya yin gyaran gangar Auzinawa. Duka maganganun biyu sun tabbata, kuma zan faɗi kowanne a wurinsa.

Ga wanda bai taɓa leƙa cikin inji ba, abin da makanikan Garwa ke kira kusine, wanda takwarorinsu na Yola da Kano ke kira metal, ba boris ba ne mai ƙwallaye. Wasu siraran ɓawon ƙarfe ne guda biyu masu siffar rabin zobe, waɗanda ake haɗawa su rungume wuyan karanshaf, wato babban ƙarfen nan mai lanƙwashe-lanƙwashe da fistin ke juyawa. Bayan ɓawon ƙarfe ne mai tauri, cikinsa kuma an shimfiɗa masa ƙarfe mai laushi. Tazarar da ke tsakaninsa da karanshaf ba ta wuce kaurin silin gashi ba, kuma a cikin wannan tazarar ne baƙin mai ke shiga da ƙarfin famfo ya hana ƙarfe taɓa ƙarfe. Da gangan aka yi shi mai laushi, domin shi ya cinye a bar karanshaf mai tsada. Idan ya cinye tazarar ta buɗe, mai ya riƙa zurarewa, ƙarfinsa ya faɗi, sauran sassan inji su shiga ƙishirwa. A injin mai silinda uku irin namu akwai kusine uku a gindin sandunan fistin da manya huɗu da ke riƙe da karanshaf a jikin inji.

Garejin fili ne da rumfar kwano, da wata tsohuwar kwantena da ake kulle kayan aiki a ciki, da yara masu koyo huɗu ko biyar. Mai wurin dattijo ne mai ƙarancin magana, yana yi wa yaransa Fulatanci, ya juyo gare ni da Hausa, sunayen ƙarafa kuma ya faɗe su da Faransanci. Abin da ya fara burge ni shi ne ya ƙi faɗin kuɗi a ranar farko. Na ce masa, "Malam, ka ba ni ƙiyasi ko da sama-sama ne in san inda na dosa." Ya ce, "Alhaji, in na faɗa maka kuɗi yanzu ƙarya zan yi maka, bari mu ji abin da injin zai faɗa tukuna."

Ya cire bututun agogon mai na jikin taraktar, ya ɗaura nasa agogon, domin a cewarsa ya sha ganin mutum ya kwance inji gaba ɗaya alhali agogo ne ya lalace. Da sanyin inji allura ta tsaya wajen bar 3 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin da famfo ke tura mai da shi). Ya sa aka bar ta tana aiki har ruwan lagireto ya yi zafi sosai, sai allurar ta sauko ƙasa da bar 1, alhali irin wannan inji in yana da lafiya ana sa ran ganin bar 2 zuwa 4 a lokacin aiki. Daga nan ya ɗauki sifana ya riƙa sassauta bututun gas na kowace silinda ɗaya bayan ɗaya, inji yana tafiya. Da ya sassauta ta farko ƙarar ba ta canza ba, haka ta uku, amma da ya taɓa ta tsakiya sai dakan nan ya lafa, da ya ɗaure kuma ya dawo. Ya dube ni ya ɗaga yatsu biyu. Hikimar ita ce silindar da aka hana wa gas ba ta buga fistin da ƙarfi, don haka kusinen da ya yi sako-sako a ƙarƙashinta yakan yi shiru.

Sannan ya sa yaro ya juye man injin ta cikin farin ƙyalle zuwa wani kwano. Ya kai ƙyallen rana ya karkata shi, na ga wasu ƙananan ɓurɓushi suna ƙyalli, wasu fari wasu ja kamar garin tagulla. Ya tsoma yatsa a man ya murza, ya sansana, ya miƙo mini in sansana. Warin gas ne ƙarara, kuma man ya tsinke kamar kunun da aka cika wa ruwa. Ya kira direbanmu ya tambaye shi yaushe rabon da ya ƙara mai. Yaron ya amsa da alfahari cewa wata uku ke nan bai ƙara ko ɗigo ba, sandar awo kullum a cike take, har ma tana ɗan haurawa. Na tuna cewa ni ma na yi murna da wannan labari lokacin da ya ba ni shi. Ashe robar da ke cikin ƙaramin famfon gas na gefen inji ce ta tsage, gas yana ɗiga cikin kwanon mai yana cike gurbin abin da inji ya ƙone. Tsohon inji da ya daina shan mai dare ɗaya abin tsoro ne, mu kuwa muna ta godiya.

A wannan gwajin ne na ga bambancin wurin da na bakin titi. Da an sauya kusine kawai ba a gano famfon ba, sabon ma haka zai cinye kafin kaka, ni kuma in zargi bakanike ko in zargi kayan.

Kwance kwanon mai na wannan tarakta ba ƙaramin aiki ba ne, domin kwanon na zubin ƙarfe ne mai nauyi kuma yana cikin abin da ke ɗauke da gaban taraktar, sai an tokare ta an sassauta gaba kafin ya fito. Washegari da na dawo na tarar an cire shi, mai garejin yana kwance a ƙasa bisa kwali. Ya zaro kusinen tsakiya ya sa mini a tafin hannu. Farin ƙarfen cikinsa ya tafi, jan tagulla ya bayyana tun daga wannan baki har wancan, da wasu zane-zane kamar kaza ta yi tono. A bayansa an buga lamba 010, wadda ke nuna cewa an taɓa gurza karanshaf ɗin sau ɗaya, aka rage masa milimita 0.25, tun zamanin mahaifinmu ko kafin ya saya. Ya ce in shiga ƙarƙashi in ja farcena a kan wuyan karanshaf. Na ja, farcen ya riƙa sarƙewa a cikin ƙananan kwaruruka. Sai ya fito da maikuromita, ma'aunin kaurin ƙarfe, daga wani akwatin katako da aka naɗe da tsumma, ya auna wuyan a tsaye, ya juya ya auna shi a kwance, ya rubuta lambobin da alli a jikin tayar baya. Lambobin biyu ba su zo ɗaya ba, wato wuyan ya tashi daga da'ira ya koma siffar ƙwai. Sauran wuyan biyu sun fi dama-dama, ko da yake su ma kusinensu sun fara nuna ja.

A nan ne aka zo kan hukunci, kuma yadda ya shimfiɗa mini shi ya sa nake ganin wurin ya cancanci a rubuta a kansa. Ya ce da wuyan yana da santsi kuma da'irarsa ba ta baci ba, da sai ya sa sababbin kusine daga ƙasa ba tare da raba tarakta ba, aikin kwana biyu da kuɗi kaɗan, kuma ya sha yin haka ga mutane suka yi shekaru suna noma. Amma sabon kusine a kan wuya mai zane kuma mai siffar ƙwai zai yi shiru na 'yan makonni ne kawai. Haɗarin kuma ba ƙarar ba ce: idan kusine ya ƙare ya manne da karanshaf ya juya a mazauninsa, ko sandar fistin ta karye ta fasa jikin inji, to an tashi daga maganar gyara an koma maganar sayen wani inji. Game da mai mai kauri da maƙwabcina ya ba da shawara, ya ce allurar agogo za ta ɗan ɗaga, hankalina ya kwanta, ƙarfen da ya cinye kuwa ba zai dawo ba.

Na tambaye shi kai tsaye ko tarakta mai waɗannan shekaru ta cancanci a kashe mata kuɗin babban gyara. Ya ce shi ba shekaru yake dubawa ba. Ya nuna mini cewa tana tashi da safe ba tare da an tura ba, hayaƙinta ba shuɗi ba ne, ba ta hura iska mai yawa ta bututun numfashin inji, abin da ke nuna fistin da zobbansu da sauran rai. Giyarta ba ta fita da kanta, hannun ɗaga garma yana ɗagawa ya riƙe, tayoyin baya kuma, waɗanda su kaɗai kuɗinsu ya isa ya karya mutum, da sauran haƙora. Ya ce da biyu ko uku daga cikin waɗannan sun mutu, shi da kansa zai ce in sayar wa masu neman kayan gyara. Ya ƙara da cewa ana samun kusine na wannan inji a girma 0.25 da 0.50 da 0.75, saboda haka in aka gurza namu zuwa 0.50, akwai sauran gurza ɗaya a gaba.

Na koma gida na yi nawa lissafin. Na tambayi farashin tsohon inji na hannu, aka nemi fiye da sefa miliyan ɗaya, ga shi ba wanda zai bari ka buɗe kwanonsa ka auna kafin ka biya, wato kana iya sayen ciwon wani da kuɗinka. Haya kuwa na san halinta. A ƙasarmu ruwan shuka yakan zauna ne daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, kuma a waɗannan makonnin kowa yake neman tarakta, daga mai kar biyu, wato rabin hekta, har mai hekta ashirin. Wanda ya jira layi yakan shuka masararsa da audugarsa a makare, kuma duk manomin da ya taɓa kai auduga wurin awon kamfanin auduga na Sodecoton ya san abin da shukar makara ke yi wa nauyin kaya. Ban da noma, wannan tarakta ita ke kwaso mana amfanin gona da kaka, ita ke ɗebo yashi da ruwa da rani. Na dawo na ce a yi babban gyaran.

Ta fuskar aikin hannu ba ni da abin cewa sai yabo. An raba taraktar gida biyu daga wajen kuloci, aka sauke inji, aka zaro karanshaf. Kafin a kai shi wurin gurza, mai garejin ya rataye shi da igiya ya ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma yana sauraron amonsa, domin ƙarfe mai tsagewa a ciki ba ya yin amo mai tsawo. Shi ba shi da injin gurza, akwai wani mai injin a cikin gari da yake kai wa, amma da kayan ya dawo sai da ya sake aunawa wuya bayan wuya, ya duba kusurwoyin da wuya ke haɗuwa da kafaɗa ko an bar musu lanƙwasarsu, domin in mai gurza ya mai da su kaifi daga nan karanshaf ke karyewa. Ya sa yara suka wanke ramukan mai na cikin karanshaf da gas da siririn burushi, suka hura da iska, har sau uku yana mai da su, kuma na ga irin baƙin tukar da ta fito. Ya buɗe famfon mai ya duba haƙoransa. Wajen ɗaurewa bai yarda da ƙarfin damtsen kowa ba, da sifana mai awo ya ɗaure kowane noti, yana juya karanshaf da hannu bayan kowane murfi ya ji ko ya cije.

Sauran al'amuran wurin kuwa sai haƙuri. Ya ce mini kwana goma, aikin ya ci kwana 26, kuma a cikinsu bai taɓa kira na a waya ba sai in ni na kira ko na taka. Alkawarinsa na rana irin na tela ne ana gobe sallah. Wani ɓangare na jinkirin ba laifinsa ba ne, domin ɗauke wuta ta tsayar da mai gurza kwanaki. Amma kusinen farko da ya aiki yaro ya sayo a kasuwa, kwalin ya ce 0.50, abin da ke ciki kuwa wani girma ne daban, kuma bai buɗe kwalin ba sai ranar da za a ɗaura, bayan ya kwana shida a kwantena. Da ya duba tun ranar da aka kawo, da an ceci mako guda, domin sai da aka aika Yola aka kawo wani. Na yaba masa da ya gano kafin ya ɗaura, amma ina kallon gajimare na taruwa a gabas kowace yamma, yabon bai hana cikina ɗurar ruwa ba.

Tsabtar wurin ma ba ta kai ƙwarewar mai shi ba. Wata rana da ya tafi jana'iza na tarar yara sun ajiye murafen kusine a ƙasa kan yashi, guguwa tana ta wucewa ta rumfar. Da na yi magana suka kwashe, da ya dawo kuma ya sa aka sake wankewa yana faɗa, amma na fahimci cewa ingancin garejin a jikin mutum ɗaya yake, in ba ya nan abin da aka samu ke nan. Tsohon mai kuma a bayan rumfa ake zubarwa, ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin. Rasit babu shi, lissafi a bayan kwalin filta aka yi mini shi da biro.

Ga yadda kwalin ya nuna. Kusine manya da ƙanana sefa dubu 45, gurza dubu 60, sabon famfon gas da gaskit da sil da filtoci da baƙin mai dubu 70, ladan aiki dubu 90. Sai faifan kuloci na dubu 55 da ba ya cikin maganar farko. Da aka raba taraktar ya nuna mini faifan ya cinye har ƙusoshinsa sun fito, ya ce in an rufe ba a sauya ba, baɗi sai an sake raba ta a sake biyan lada. Na ga gaskiyarsa da idona, ko da yake na so a ce tun ranar farko ya gargaɗe ni cewa irin wannan ƙari yakan ɓullo, in tanadi kuɗin. Jimilla dubu 320, ƙasa da sulusin abin da aka nema a tsohon inji. Ya tattara mini duk tsofaffin kayan da ya cire a buhu ya ba ni ba tare da na tambaya ba.

Ranar karɓa ya sake ɗaura agogonsa, ya bar injin ya yi zafi kamar ranar farko, allura ta tsaya sama da bar 3 ba ta sauko ba. Ya ce wa direbanmu, "Yaro, kwanakin farko kada ka sa mata garma mai nauyi, kada kuma ka bar ta tana ta gurnani a tsaye ba aiki. Kowace safiya ka zaro sandar mai ka duba, ka kuma sansana." Ya umarce mu da mu juye man da filta bayan kamar awa 50 na aiki, mu riƙa wanke kwanon tace iska akai-akai saboda ƙura, mu kuma daina sayen baƙin mai na awo a cikin jarkokin da ba a san asalinsu ba.

Wanda taraktarsa ta fara irin wannan ƙara, ina ganin kuɗin gwajin ranar farko a wannan gareji ya cancanci biya ko da a ƙarshe ba a nan zai yi gyaran ba, domin zai fita da lambobi a hannunsa maimakon zato. Sai dai ya kai ta a watan Janairu ko Fabrairu, bayan an gama kwasar amfani, ya ninka duk kwanakin da aka faɗa masa sau biyu, ya nemi a buɗe kwalin kowane kaya a gabansa ranar da aka sayo, ya kuma riƙa leƙawa. Wanda ya zo a watan Mayu yana gaggawa, shi da mai wurin ba za su rabu lafiya ba.

Mu dai mun samu taraktar kwana huɗu bayan ruwan farko mai ƙarfi, muka nome gonar masara a cikin mako, ta auduga ta biyo baya. Da aka juye mai na farko na sa aka tace shi a farin ƙyalle kamar yadda na gani, na kai rana na karkata, ban ga ƙyalli ba. Tsohon kusinen nan na tsakiya mai jan ciki yana cikin akwatin kayan aiki na taraktar, kusa da mazaunin direba.